Kuri'ar fidda gwani da ake kawowa har gida a Kalifoniya: makin da na ba ta

'Yan uwa da ke zaune a wasu jihohin Amurka sun sha tambayata wai yaya wannan zaɓen fidda gwani na kowa da kowa yake a aikace, saboda a jihohinsu ana ta kai ƙudurori majalisa ko a sa a kuri'ar raba gardama cewa a soke firamaren jam'iyya, wato zaɓen fidda gwanin da kowace jam'iyya ke yi ita kaɗai, a koma na buɗe ƙofa. To ni dai a Kalifoniya nake jefa kuri'a, kuma nan an daɗe da yin wannan canjin, don haka bari in yi muku bitarsa kamar yadda mutum zai yi bitar kayan da ya yi oda aka kawo masa gida. Maki biyu zan bayar daban daban, ɗaya na hidimar kawo kuri'ar da karɓarta, ɗaya na tsarin zaɓen da ke cikin takardar, don gaskiya ba darajarsu ɗaya ba.

Hidimar kawowa dai ba ni da ta cewa. Tun da gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a dokar a watan Satumbar 2021, duk wanda ya yi rajista kuma rajistarsa na aiki sai an aiko masa da kuri'arsa ta gidan waya ko bai nema ba. Ana fara aikowa kwana 29 kafin ranar zaɓe. Ka buɗe ambulan ɗin za ka ga takardar kuri'ar, da wani ambulan na mayarwa wanda an riga an biya kuɗin kan sarki, ko sisi ba za ka kashe ba, ka cike, ka liƙe, ka sa hannu a bayan ambulan ɗin, shi ke nan. In ka ga dama ka jefa a akwatin gidan waya, in ka ga dama ka kai ɗaya daga cikin manyan akwatunan ƙarfe da suke girkewa a bakin laburare ko ofisoshin gwamnati, in kuma kai mai son layi ne ka je rumfa ranar zaɓe daga 7 na safe zuwa 8 na dare. Wanda ya aika ta gidan waya, matuƙar hatimin ya nuna ranar zaɓe ko kafin ta kuma ta isa cikin kwana 7, za a ƙirga. Har wanda bai yi rajista ba sam zai iya zuwa ranar zaɓen ya yi rajista ya jefa, sai dai a ajiye tasa gefe sai an tantance shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne bibiyar kuri'a. Akwai wata manhaja ta jihar wadda kamfanin BallotTrax ke gudanarwa, ka sa sunanka da ranar haihuwa da lambar yankin gidan wayarka, sai su riƙa turo maka tes ko imel, an aiko maka da kuri'arka, mun karɓi kuri'arka, an ƙirga kuri'arka. Wallahi ranar da na fara ganin saƙon nan na ƙarshe sai da na sake karantawa. In kuma sa hannunka bai yi daidai da wanda ke cikin rajista ba doka ta ce sai sun sanar da kai sun ba ka damar gyarawa kafin su yi watsi da kuri'ar. Shawara kyauta, in kai irin mutanen nan ne da sa hannunsu na yau daban na gobe daban, ka duba wanda ke jikin lasisin tuƙinka ka kwaikwaye shi, yawanci da shi suke gwadawa.

Sai littafin jagora. Biyu ne ma suke zuwa, na jiha daga ofishin sakatariyar harkokin jiha da na gundumarka. Na jihar ana buga shi da harsuna 10, Turanci da Sifaniyanci da Sinanci da Hindi da Japananci da sauransu, babu Hausa mana, wannan ko a mafarki ban sa rai ba. A ciki 'yan takara kan sayi fili su rubuta bayanin kansu da bai wuce kalma 250 ba, wasu ka karanta ka ga mutum ne mai hankali, wasu kuma ka karanta ka riƙe baki, wasu ba su rubuta komai ba kwata kwata. Na gundumar shi ne ke ɗauke da jerin waɗanda kowace jam'iyya ta mara wa baya a hukumance, kuma ku riƙe wannan don zan dawo kansa.

Inda hidimar ta rage maki a wurina wajen ƙirga ne. Jinkiri ba kaɗan ba. Gundumomi suna da kusan wata guda kafin su kammala su sa hannu a sakamako, saboda tantance sa hannu ɗaya bayan ɗaya da jiran kuri'un da ke hanya. A zaɓen Nuwamban 2024 kujerar majalisar wakilai ta mazaɓa ta 13 sai farkon Disamba aka san wanda ya ci, Adam Gray ya kada John Duarte da kuri'a 187 kacal. Na fahimci dalilin jinkirin, kuma na fi son a ƙirga daidai da a yi gaggawa, amma mutum ya shafe makonni yana sabunta shafi a waya abin yana gundura, kuma yana ba masu yaɗa jita jita abin faɗa. Duk da haka hidimar kawowa da karɓa na ba ta huɗu da rabi cikin biyar.

Yanzu ga kayan da ke cikin ambulan ɗin, wanda shi ne ainihin abin da kuke tambaya.

Da farko kada a haɗa shi da 'yar tinƙe ko ƙato bayan ƙato da muka sani a Najeriya. Rigimar da aka yi a ƙarshen 2021 lokacin da Buhari ya ƙi sa hannu a gyaran dokar zaɓe saboda an wajabta 'yar tinƙe, har aka dawo aka ba jam'iyyu zaɓi tsakanin 'yar tinƙe da daliget da maslaha a dokar 2022, duk wannan magana ce ta cikin gidan jam'iyya, wa zai zaɓi ɗan takarar jam'iyya, 'yan katin jam'iyya duka ko wakilai. Na Kalifoniya ya wuce nan. A nan jam'iyya ba ta da firamarenta ma gaba ɗaya a kujerun gwamna da sanata da 'yan majalisar tarayya da na jiha. Takarda ɗaya ce ake ba kowa, ɗan Dimokurat da ɗan Rifablikan da ɗan jam'iyyar Green da wanda ba shi da jam'iyya duk an jera su wuri guda, kowane mai kuri'a ya zaɓi mutum ɗaya, biyun da suka fi yawan kuri'u su ne za su kara a Nuwamba ko da kuwa jam'iyyarsu ɗaya. Ko mutum ya ci kashi 80 a zagayen farko sai ya sake tsayawa a Nuwamba.

Tarihin yadda aka zo nan ma abin dariya ne. A 1996 mutanen jihar sun amince da wani tsari na buɗe ƙofa, jam'iyyu suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta Amurka ta soke shi a 2000 ta ce ba za a tilasta wa jam'iyya baƙi su zaɓar mata ɗan takara ba. Sai jihar Washington ta samo dabara a 2004, ta ce to ai ba ɗan takarar jam'iyya ake zaɓa ba, kawai ana tace mutane ne zuwa biyu, kuma Kotun Ƙolin ta bar wannan ya tsaya a 2008. Kalifoniya ta kwafa. A farkon 2009 ana neman kuri'a ɗaya a majalisar dattawan jiha don kasafin kuɗi ya wuce, wani sanata ɗan Rifablikan mai suna Abel Maldonado ya ce zai bayar amma da sharaɗin a sa batun firamaren buɗe ƙofa a gaban jama'a. Gwamna Arnold Schwarzenegger ya goya masa baya, aka kaɗa kuri'a a kan Proposition 14 a Yunin 2010, ta wuce da kusan kashi 54, manyan jam'iyyun biyu duk ba su so ba. A 2012 aka fara amfani da shi a faɗin jiha.

Abin da na so a ciki mai sauƙi ne. Ni ban yi rajista da kowace jam'iyya ba, kuma irina a jihar nan mun haura kashi 20 na masu rajista. A jiha irin New York ko Pennsylvania da a ce can nake, ranar firamare sai dai in zauna a gida in kalla, alhali da harajina ake buga takardun ake biyan ma'aikatan zaɓen. Kuma a yawancin mazaɓu firamaren shi ne zaɓen gaskiya, domin unguwar da kowa ya san Dimokurat ce ke ci, wanda ya samu tikiti ya riga ya ci, Nuwamba biki ne kawai. Nan kuwa ina da bakin magana tun daga zagayen farko, in zaɓi ɗan wannan jam'iyya a gwamna in zaɓi na waccan a ma'aji, babu mai tambayata kati. Sannan idan 'yan jam'iyya ɗaya biyu suka fito Nuwamba, dole kowannensu ya je ya roƙi kuri'ar waɗanda da ba ya ko kallonsu, saboda su ne za su raba gardama. Wannan kaɗai ya isa in ce tsarin ya fi na rufe ƙofa a wurina.

Amma fa takardar kanta, kai jama'a. Tsawo kamar jerin sunayen masu karɓar zakka. A Yunin 2016 mutum 34 ne a kujerar sanata kaɗai, a 2018 mutum 32 a sanata da 27 a gwamna. Kuma ba a jera su bisa jam'iyya ko bisa shahara ba, ana yin ƙuri'ar haruffa ne a fitar da wani sabon jeri, don haka wanda kake nema zai iya kasancewa can ƙasa tsakanin mutanen da ko maƙwabtansu ba su san suna takara ba. Ƙarƙashin kowane suna akwai 'yar sana'arsa a kalmomi kaɗan da kuma jam'iyyar da ya ce yana so. Ku lura, wadda shi ya ce yana so, ba wadda ta tsayar da shi ba. Mutum goma za su iya rubuta Dimokurat kuma jam'iyyar ba ta san tara daga cikinsu ba, shi ya sa na ce ku riƙe littafin gunduma, can ne kawai za ka ga wanda jam'iyya ta amince da shi, a jikin kuri'ar babu. In ka kuskura ka cike wa mutum biyu a kujera ɗaya, kuri'arka ta wannan kujerar ta lalace. A Maris ɗin 2024 ma abin ya ƙara rikicewa, bayan rasuwar sanata Dianne Feinstein kujerar sanata ɗaya ta fito sau biyu a takarda ɗaya, ɗaya na ƙarasa sauran wa'adinta ɗaya na sabon wa'adin shekara 6, wasu sunayen sun fito a duka biyun, wanda bai karanta da kyau ba sai ya ɗauka kuskuren buga takarda ne.

Wani abu da masu talla ba sa faɗa, zaɓen shugaban ƙasa ba ya cikin tsarin. A wannan Maris ɗin na 2024 mu marasa jam'iyya kuri'ar da aka aiko mana babu 'yan takarar shugaban ƙasa a ciki, sai ka nemi ta musamman, kuma jam'iyyu uku ne kawai suka yarda su ba mu, Dimokurat da Libertarian da American Independent. Rifablikan ta rufe tata, sai ka sauya rajista. To ka ga an ce maka ƙofa a buɗe take amma babban ɗakin da kowa ke son shiga yana nan da kwaɗonsa.

Babban aibin kuwa shi ne lambar nan biyu. Duk matsalar tsarin daga nan take tasowa, kuma ba hasashe ba ne, an gani tun shekarar farko. A 2012 a mazaɓa ta 31 ta yankin San Bernardino, wurin da Dimokurat ke da ƙarfi, 'yan Dimokurat huɗu suka fito suka raba kuri'unsu, 'yan Rifablikan biyu Gary Miller da Bob Dutton suka wuce, Pete Aguilar ya zo na uku ya koma gida. A Nuwamba mutanen mazaɓar da suka zaɓi Obama ba su da ɗan jam'iyyarsu ko ɗaya a kujerar wakilci, kuma ba a yarda ka rubuta sunan wani da hannu a zagaye na biyu ba. Bayan shekara 10 aka rama wa ɗaya ɓangaren, a 2022 mazaɓar majalisar dattawan jiha ta 4 wadda ta karkata ga Rifablikan, 'yan Rifablikan shida suka yi wa juna illa, 'yan Dimokurat biyu suka fito, Marie Alvarado-Gil ta ci, sannan a 2024 ta sauya sheƙa ta koma Rifablikan ɗin da kanta. Sakamakon wannan tsoro shi ne manyan jam'iyya yanzu suna zama tun kafin zaɓe suna lallashin 'yan takara su janye kada a raba kuri'a, wato maslahar da aka ce an kora ta ƙofa ta dawo ta taga, sai dai yanzu a ɓoye ake yinta.

Ga kuma wasan 'yan siyasa. A takarar sanata ta 2024 Adam Schiff ya san in ya haɗu da 'yar jam'iyyarsa Katie Porter a Nuwamba zai sha wuya, in kuwa ɗan Rifablikan ne a jiha irin wannan ya gama ci. Sai ya kashe miliyoyin daloli a tallan talabijin yana cewa Steve Garvey, tsohon ɗan wasan ƙwallon baseball na ƙungiyar Dodgers, ya cika ra'ayin riƙau, kamar suka ce amma a zahiri yana nuna wa 'yan Rifablikan wanda za su taru a kansa ne. Haka kuwa aka yi, Garvey ya zo na biyu, Porter ta uku, Barbara Lee ta huɗu, Schiff ya ci Nuwamba cikin ruwan sanyi. Bai karya doka ba ko kaɗan, tsarin ne ya ba shi wannan hanyar. Ni a matsayina na mai kuri'a na ji kamar an zaɓar mini abokin karawa kafin a tambaye ni.

Akasin haka ma ba daɗi. A 2016 Kamala Harris da Loretta Sanchez duk Dimokurat, a 2018 Feinstein da Kevin de León duk Dimokurat, miliyoyin 'yan Rifablikan suka buɗe kuri'ar Nuwamba babu nasu a kujerar sanata, da yawa suka tsallake layin kawai. Ƙananan jam'iyyu kuwa kusan an shafe su daga zaɓen Nuwamba a manyan kujeru, Green da Libertarian da Peace and Freedom sai dai ka gan su a zagayen farko, lokacin da mutane ba sa fitowa sosai. Kuma maganar fitowa, alƙawarin cewa buɗe ƙofa zai cika rumfuna bai tabbata yadda aka zuzuta ba, a Yunin 2014 kashi 25 na masu rajista ne kawai suka jefa, a Maris 2024 wajen kashi 35 duk da an kai wa kowa har gida.

Wani abin da ya faru a 2024 kuma ya nuna yadda matsayi na biyun nan yake da tsada. A mazaɓa ta 16 ta yankin Silicon Valley, Evan Low da Joe Simitian suka yi kunnen doki a matsayi na biyu, kowa kuri'a 30,249, har an shirya mutum uku za su fito Nuwamba tare da Sam Liccardo, sai aka sake ƙirga Low ya haura da kuri'a 5. Duk mai cewa kuri'arsa ɗaya ba ta komai a firamare ya je ya tambayi Simitian.

Shi ya sa in ƙuduri ya zo jiharku abin da zan ce ku fara dubawa shi ne mutum nawa ke wucewa zagaye na biyu, kada sunan buɗe ƙofa kawai ya ɗauke muku hankali, domin abubuwa daban daban ake sayarwa da suna ɗaya. Alaska ta ɗauki na mutum huɗu a 2020, kuma a Nuwamba kana jera su ne na ɗaya na biyu na uku, wannan yana rage matsalar raba kuri'a sosai, da shi Mary Peltola ta ci a 2022 bayan zagayen farko mai mutum 48, da shi kuma Nick Begich ya kayar da ita a 2024, don haka ba za a ce na wata jam'iyya ba ne. An nemi soke shi a 2024 ya tsira da kuri'a 743 bayan sake ƙirga. New Mexico kuma a 2025 ta bi hanya mafi sauƙi, jam'iyyu sun riƙe firamarensu amma marasa jam'iyya za su iya zaɓar wanda za su shiga ba tare da sauya rajista ba. Louisiana ma baya ta koma, ta yi doka a 2024 ta maido da firamaren jam'iyya a kujerun majalisar tarayya. Kuma ku sani kayan nan ba ya saurin shiga kasuwa, a Nuwamban 2024 Colorado da Idaho da Nevada da Arizona da Montana da South Dakota duk sun ƙi, Nevada ma da ta amince a 2022 ta juya a karo na biyu da doka ta buƙata. Florida a 2020 ta samu kashi 57 amma ana buƙatar 60, ya faɗi. Birnin Washington ne ya amince da nasa a 2024 da rinjaye mai yawa.

Makin tsarin mutum biyu na Kalifoniya a wurina uku ne cikin biyar. In aka ce in zaɓa tsakaninsa da na rufe ƙofa inda ba ni da kuri'a sam, shi zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. In kuma aka kawo mana irin na Alaska gobe a kuri'ar raba gardama, zan canza. Wanda zai jefa a nan karon farko, ya yi rajistar tes ɗin bibiya tun kafin kuri'a ta iso, ya ware yamma guda ya zauna da littattafan nan biyu da baƙin biro, kuma kada ya bari sai ranar ƙarshe ya jefa a gidan waya don ba kullum ake buga hatimi a ranar ba, gara ya kai akwatin ƙarfen kafin 8 na dare.